Filin Tambaya da Amsa: Girka sabar Linux a Damagaram, garin zafi da ɗaukewar kuran

Wasiƙun wannan karo kusan duka kan abu guda suka tsaya: yadda mutum zai ɗauki kwamfuta ya girka mata Linux ta zama sabar, wato na'urar da ke ajiye fayiloli tana yi wa sauran kwamfutocin gida ko ma'aikata hidima. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Sabon Gari. Muna da tsohuwar kwamfutar tebur mai RAM giga 4 da faifai giga 500. Ina so malamai su riƙa ajiye takardun jarrabawa a wuri ɗaya. Wasu sun ce in sa Debian, wasu sun ce Ubuntu. Wanne ne daidai?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada wannan gardama ta cinye maka lokaci, domin uwa da ɗiya ne. Debian ta fara a 1993, Ubuntu kuma ta fito a 2004, a kan Debian aka gina ta. Umarnin girka manhajoji ɗaya, wato apt, suke amfani da shi, kuma duka biyun kyauta ne, lambobinsu a buɗe ga duk mai son dubawa. Kwamfutar da ka ambata ta wadatar wa kowacce, har da rara.

Ga inda suka bambanta ga mai zaune a Zinder. Fayil ɗin girkawa na Ubuntu Server ya kusa giga 3. Ƙaramin fayil ɗin Debian, wanda ake kira netinst, bai kai giga 1 ba, sauran abin da ake buƙata yana sauko shi daga intanet lokacin girkawa. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, mu Debian muke zaɓa. Debian 13 ta fito a watan Agusta 2025. Idan Ubuntu ka fi sabawa da ita, ɗauki mai alamar LTS kawai, wato wadda ake daɗewa ana kula da ita, irin 24.04 wadda za a ci gaba da aiko mata gyaran tsaro har 2029. Waɗanda ba LTS ba wata 9 kaɗai ake kula da su, ba su dace da makaranta ba. Abu ɗaya za ka tabbatar: kwamfutar ta zama mai bit 64, domin Debian 13 ta daina fitar da fayil ɗin girkawa na tsofaffin masu bit 32, Ubuntu ma ta daɗe da dainawa.

Idan ka kai wurin da Debian ke tambayar manhajojin da za a girka, cire alama daga fuskar allo mai hotuna (desktop) da GNOME, ka bar SSH, wato hanyar shiga sabar daga wata kwamfuta, da kayan aiki na asali kawai. Sabar ba ta buƙatar linzami da gumaka. Baƙin allo mai rubutu yana tsorata mutum a makon farko, amma RAM ɗin da yake ci bai taka kara ya karya ba, kuma duk manhajar da ba ka girka ba, ba za ka biya kuɗin datar sabunta ta ba. Rabon fayiloli ga malamai masu Windows aikin wata manhaja ce mai suna Samba, da sudo apt install samba ake samun ta. Tunda takardun jarrabawa ne, buɗe wa kowane malami sunansa da kalmar sirrinsa da smbpasswd, kada ka bar jakar a buɗe ga duk wanda ya kama rezon makaranta.

Na sa fayil ɗin girka Linux a kile na USB, kwamfuta ta tashi da shi, amma da na zo wurin zaɓen faifai babu komai. Da na gwada a wata kwamfutar ta girku, sai dai ta ƙi karɓar kalmar sirrin da ni da kaina na sa. Ɗalibi daga jami'ar Zinder.

Matsala biyu ce, ɗan'uwa, kowacce da sababinta.

Faifan da bai bayyana ba, galibi saitin BIOS ne, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga da zarar an kunna ta. Kwamfutoci da yawa da suka zo da Windows an saita faifansu a kan RAID ko Intel RST, mai girka Linux kuwa ba koyaushe yake ganin faifai a wannan yanayi ba. Shiga BIOS, F2 a yawancin Dell, F10 a HP, ka nemo saitin SATA ka mai da shi AHCI. Amma ka sani, idan akwai Windows a kan faifan kuma kana son ta, wannan canji zai iya hana ta tashi. Kwashe abin da kake so tukuna.

Kalmar sirri kuwa, allon rubutu ne ya yaudare ka. Da yawa daga kwamfutocin da ke hannun mutane a Nijar allon madannansu na Faransanci ne, AZERTY. Idan lokacin girkawa ka bar zaɓin a kan na Amurka, to inda ka danna A na'ura Q ta rubuta, inda ka danna Z ta rubuta W, harafin M ma yana wani wuri dabam. Lambobi sun fi muni, domin a AZERTY sai an haɗa da Shift kafin lamba ta fito. Tunda kalmar sirri ba ta bayyana a allo, ba ka ga abin da ya shiga ba. Ga dabara: a wurin da ake rubuta sunan mai shiga, rubuta kalmar sirrin taka ka ga haruffan da ke fitowa, sai ka goge. Nan take za ka gane wane tsari na'urar ke bi. Da ka samu shiga, gyara shi da sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration, sannan ka canja kalmar da passwd.

Wani abin da ke rikita sabon hannu a Debian: idan ka sa wa root, wato babban asusu mai iko da komai, kalmar sirri lokacin girkawa, ba za a ba sunanka ikon sudo ba, wato damar ba da umarni da ikon root. Bar wurin root babu komai, sunanka na farko shi zai samu ikon.

Kuma kafin ka zargi kwamfuta, binciki fayil ɗin da ka sauko. Rezo na yankewa tsakiyar saukewa, fayil ya zo da rauni, girkawa ta tsaya a rabi ba tare da wani bayani mai ma'ana ba. A Windows rubuta certutil -hashfile, sunan fayil, sai SHA256, ka gwada dogon jerin da ya fito da wanda ke cikin SHA256SUMS a shafin da ka sauko. Harafi ɗaya ya saɓa, sake saukewa. Rufus ko Ventoy duk suna rubuta kile da kyau, mai giga 8 ya isa.

Ina da shagon magani kusa da Kasuwar Dole. An girka mana sabar da ke riƙe lissafin kaya. Sau biyu ke nan kuran ya ɗauke, da ya dawo sai ta tsaya a baƙin allo tana neman kalmar sirrin root, lissafin ranar ma wani ya ɓata. Anya Linux ɗin nan na da ƙarko?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a filin yau, domin a garinmu abin da ke kashe sabar ba zaɓen Debian ko Ubuntu ba ne, wuta ce da zafi da ƙura.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ciki. Idan yaron shago ya shigar da ciniki, ba koyaushe ake rubuta shi a faifai nan take ba. Linux kan riƙe sabon rubutu a RAM na ɗan lokaci, har kimanin daƙiƙa 30, kafin ta zuba shi. Wuta ta yanke a wannan tsakani, abin ya tafi. Tsarin ext4, wanda Linux ke jera fayiloli da shi a faifai, yana da kundin da ke kare fasalin faifai daga rushewa, shi ya sa yawanci na'ura ke tashi lafiya, amma bai yi alkawarin dawo da abin da bai kai faifai ba. Kowace irin babbar manhaja haka take. Magani shi ne kada wutar ta yanke mata ba zato.

Baƙin allon da kake gani kuwa, mun fi zargin abu guda. Idan wanda ya girka ya haɗa faifan waje na USB ya rubuta shi a fayil ɗin /etc/fstab, to duk ranar da faifan bai farka da wuri ba, ko aka zare shi, na'ura za ta ƙi ƙarasa tashi ta shiga yanayin gaggawa. A sa ya buɗe fayil ɗin, ya rubuta faifan da lambarsa ta UUID wadda umarnin blkid ke nunawa, ba da suna irin /dev/sdb1 mai canjawa ba, kuma ya ƙara kalmar nofail a zaɓuɓɓukan layin. Idan ba wannan ba ne, journalctl -xb zai faɗi abin da ya tsayar da ita, kuma fsck ke gyara faifan da ya samu rauni, amma ba a gudanar da shi a kan faifan da ke cikin aiki.

Sai maganar wuta. Na'urar riƙe wuta da masu gyara ke kira onduleur, ƙarama mai 650 VA, yawanci batir ɗaya ne a cikinta mai volt 12 da 7 Ah. Mintoci kaɗan za ta riƙe kwamfutar tebur, ba sa'o'i ba. Amfaninta shi ne ta ba sabar damar kashe kanta cikin tsari. Don haka a sayi mai ramin USB, a haɗa ta da sabar, a girka nut, ko apcupsd idan ta kamfanin APC ce, a saita ta kashe na'ura idan batir ya yi ƙasa. Onduleur da ba a haɗa da sabar ba, jinkirta ɓarnar kawai take yi idan ɗaukewar ta zo da dare babu kowa a shago. Kuma irin wannan batir na dalma zafi ke cinye shi: ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. A ɗakin da ke haura 40 a watan Afrilu da Mayu, kada ka jira shekarun da aka rubuta a kwali. Duk wata uku a zare filogi da rana, ana tsaye a kai, a ga minti nawa take riƙewa.

A BIOS kuma akwai saitin abin da na'ura za ta yi idan wuta ta dawo. A mai da shi ta kunna kanta, don kada sai wani ya zo ya danna.

Ga shawarar da muka fi ba ƙananan shaguna: tsohuwar laftof mai batir mai rai ta fi kwamfutar tebur dacewa da Damagaram. Batirinta a jikinta yake, kuma wat 15 zuwa 25 take ci tana zaune, tebur kuwa kan ninka haka sau uku ko fiye. Yi lissafi da wat 20: a sa'a 24 ya zama 480 Wh. Batirin sola mai volt 12 da 100 Ah yana ɗauke da 1200 Wh, rabi ake so a taɓa idan na dalma ne, wato 600. Ke nan zai kwana da ita ya yini. Abu biyu za a gyara mata. Na farko, a /etc/systemd/logind.conf a rubuta HandleLidSwitch=ignore don kada ta yi barci idan an rufe murfi. Na biyu, ta kashe kanta kafin batir ya ƙare. Wannan layi ɗaya a cikin sabon fayil /etc/cron.d/batir yana yin aikin, yana dubawa duk minti 5:

*/5 * * * * root [ "$(cat /sys/class/power_supply/BAT0/status)" = Discharging ] && [ "$(cat /sys/class/power_supply/BAT0/capacity)" -lt 15 ] && /sbin/shutdown -h now

A wasu laftof sunan BAT1 ne, a duba jakar tukuna. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai, a cire shi a ranar, haɗarin gobara ne.

Ƙurar hunturu kuma ba a raina ta. Buɗe kwamfutar da ta yi sanyi ɗaya a shagon bakin titi, za ka tarar da jar ƙura ta kwanta tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya kwakwalwarta kamar auduga, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a nisanta ta da bango da taga, a busa ta bayan hunturu kafin bazara ta shigo, ana riƙe fankar da yatsa lokacin busawa. Girka lm-sensors, umarnin sensors zai nuna zafinta. Idan tana zaune ba aiki amma ta haura digiri 70, lokacin shara ya yi. Faifai ma a duba shi da sudo smartctl -a /dev/sda daga kunshin smartmontools. Layin Reallocated_Sector_Ct da Current_Pending_Sector idan suka bar sifili suna hawa, nemi sabon faifai tun wannan bai mutu ba.

Jiya sauran kwamfutoci suna ganin sabar, yau ba sa gani, alhali tana kunne. Sakatariyar wata ƙungiyar mata a Birni.

Malama, adireshinta ne ya canja. Akwatin intanet ɗinku shi ke raba wa kowace na'ura adireshin IP, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo yana iya sake rabon. Sabar tana buƙatar adireshi tsayayye. Rubuta ip a ki ga sunan katin rezo, irin enp3s0, sannan ip r ki ga adireshin akwatin. Wasu 192.168.1.1 ne, akwatunan Huawei masu layin waya da yawa 192.168.8.1.

Hanya mafi sauƙi: ki shiga shafin saitin akwatin ki keɓe wa sabar adireshi ɗaya. Idan babu wannan zaɓi, a yi a sabar. A Debian, cikin /etc/network/interfaces:

auto enp3s0
iface enp3s0 inet static
address 192.168.1.10/24
gateway 192.168.1.1

A Ubuntu fayil ne mai ƙarewa da .yaml a /etc/netplan, kuma yana da tsautsayi: da tazarar sarari ake jera layukansa, madannin Tab ɗaya ya shiga, ya ƙi aiki. Ki gwada da sudo netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti da kansa bayan daƙiƙa 120 idan ba ki tabbatar ba. Adireshin da za ki zaɓa ya kasance wajen jerin da akwatin ke rabawa, in ba haka ba wata rana wayar wata baƙuwa za ta karɓe shi. Kuma sabar da waya ake haɗa ta, ba da wifi ba.

Da adireshi ya tsaya, ba sai kin zauna gabanta ba, da SSH za ki shiga daga kwamfutarki. Ki yi makulli da ssh-keygen -t ed25519, ki kai shi sabar, ki tabbatar yana buɗewa, sannan ki rufe shiga da kalmar sirri da PasswordAuthentication no. A Ubuntu ki leƙa jakar /etc/ssh/sshd_config.d, domin fayil ɗin da ke can yana rinjayar babban fayil. Katangar tsaro ta ufw kuwa, wadda ke tare shigowar da ba a yarda da ita ba, jerin yana da muhimmanci ƙwarai: sudo ufw allow OpenSSH da farko, sudo ufw allow Samba idan kuna rabon fayil, sai a ƙarshe sudo ufw enable. Wanda ya juya jerin ya kulle kansa a waje. A Debian sai an girka ufw tukuna. Duk lokacin da kike taɓa waɗannan saituna, ki bar tagar SSH ɗaya a buɗe, ki gwada shiga ta wata sabuwa.

Idan na rubuta apt update sai ta ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna. A wata na'urar kuma cewa take in saka faifan DVD. Mai gyaran waya da kwamfuta, Zango.

Maigida, ta farko agogo ne. Rubuta date ka gani, za ka tarar na'urar tana wata shekara da ta wuce. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo a kan uwar allo, CR2032 mai volt 3, ya mutu, don haka duk ɗaukewar wuta agogo na komawa baya, apt kuma ba ta yarda da fayil ɗin da kwanan watansa ke gaba da nata. Canja batirin, sannan sudo timedatectl set-timezone Africa/Niamey da sudo timedatectl set-ntp true. Mutuwar batirin nan kan goge saitin BIOS ma, har da AHCI da kunna kai bayan dawowar wuta, sai a sake duba su.

Ta biyu an girka ta ne daga babban fayil ɗin DVD ba tare da intanet ba. Buɗe /etc/apt/sources.list, sa alamar # gaban layin da ke ɗauke da cdrom, ka ƙara layukan deb.debian.org da security.debian.org na sigar da kake da ita.

Tunda sana'arka ce, ga abin da zai rage maka kuɗin data: girka apt-cacher-ng a na'ura ɗaya ta shago, ka nuna wa sauran ita a ƙofa 3142. Duk kunshin da aka sauko sau ɗaya yana nan ajiye, na'ura ta biyu da ta goma daga shago za su ɗauka.

Faifaina giga 500 ne, amma Ubuntu Server giga 100 kawai take nunawa.

Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa. Mai girka Ubuntu idan ya yi amfani da LVM, tsarin raba sararin faifai, yakan bar sauran sararin a ajiye. Umarnin sudo vgs zai nuna maka shi, wannan kuma zai haɗe shi ba tare da kashe na'ura ba: sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv

Ina yawan tafiya Maradi da Kano. Ta yaya zan shiga sabar ofis daga can? Kuma an ce in sa faifai biyu masu kwafin juna, shi ke nan ba na buƙatar wani ajiya. Haka ne?

Hajiya, idan intanet ɗin ofis na layin waya ne, mai yiwuwa buɗe ƙofa a akwatin ba zai yi aiki ba. Kamfanonin waya kan tara masu layi da yawa bayan adireshi ɗaya. Ki duba adireshin waje da akwatin ke nunawa: idan ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, daga waje ba a iso ki kai tsaye. Abin da ke aiki shi ne sabar ta fita da kanta ta ƙulla rufaffiyar hanya, ko da manhajar WireGuard zuwa wata ƙaramar sabar haya, ko da Tailscale wadda a kan WireGuard aka gina ta. Samba dai kada a taɓa buɗe ta ga intanet.

Batun faifai biyu kuwa, wanda ya faɗa miki ya faɗi rabi. Wannan tsari, da ake kira RAID 1, yana ceton ki idan faifai ɗaya ya mutu. Amma fayil ɗin da aka goge da kuskure a take yake gogewa a duka biyun, kuma tsawar damina ko wutar da ta dawo da ƙarfi ba ta zaɓar ɗaya ta bar ɗaya. Ki sami faifan waje guda biyu. Kowace Alhamis kafin a tashi a kwafe da rsync -a zuwa ɗaya, a zare shi, ki tafi da shi gida, mako mai zuwa a kawo ɗayan. Idan akwai rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL, a fara fitar da shi da mysqldump ko pg_dump, domin kwafe fayilolinsa yana cikin aiki kan ba da kwafin da ba ya buɗuwa. Sau ɗaya a wata ki sa a ɗauko fayil ɗaya daga faifan gida a buɗe shi a wata kwamfuta dabam, a gabanki.